Makon da Na Roƙi Allah Na'ura Ta Mutu

Hafsatu ce ta sa na tono wannan zance bayan na yi niyyar binne shi. Ranar da kuka dawo daga biki a Rurum ta faɗo ɗakina fuska a murtuke, ko gyale ba ta cire ba, ta ce wata tsohuwa ta janye jikarta daga kusa da Gwaggonku Rabi, tana raɗa wa ta kusa da ita wai ai wannan ce mai farar ƙafar nan ta Kibiya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Waɗanda suka ƙirƙiro maganar da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, amma maganar tana nan tana zaga gidajen biki, ko furfura ba ta yi ba. Ku kun taso kun tarar da Gwaggo da shagonta da 'yan matan da take koya wa kwamfuta, ba ku san an yi lokacin da mutane ke ƙyamar ta taka ƙofar gidansu ba. To ga yadda aka yi, daga bakin wanda aka yi a gabansa.

A shekarun da farar hula suka dawo mulki aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wani Bafulatanin Nariya, Alhaji Buba, ya sayar da wasu shanunsa ya buɗe shagon intanet a Rano, kusa da tasha. Bai san gaban kwamfuta daga bayanta ba, amma yana da hancin kasuwa. Ya ji an ce rajistar jarrabawa da neman aiki duk za su koma ta intanet, ya ce kafin mutanen Rano da Kibiya su riƙa kai kuɗinsu birni gara su kawo masa. Ni ya ɗauka in kula da kayan, lokacin ban daɗe da gama karatu ba, kaina yana hayaƙi, ina ganin babu abin da ya gagare ni. Muka kafa farantin kamo intanet a kan rufi, muka jera kwamfutoci a zaure. A wani ɗan ɗaki na baya kuma na ajiye wata tsohuwar kwamfuta wadda ita ce ke karɓo saƙo daga farantin ta raba wa sauran. In ta tsaya kowa ya tsaya. Da na yi wa Alhaji wannan bayani sai ya gyaɗa kai ya ce ashe uwar garke ce, sunan da ya bi ta ke nan har ta mutu.

Zamani ne da ake sa ido a kan cakuɗuwar maza da mata, don haka Alhaji ya sa aka raba zauren da labule, ya ce in nemo mace mai hankali da za ta zauna a ɓangaren mata. Ban yi dogon tunani ba na ce ga yayata. Yaya Rabi ta koyi buga tafireta tun tana gidan mijinta na fari, wanda hatsarin mota ya ɗauke. Na biyu kuma ciwon hanta ya kwantar da shi, ta yi jinyarsa har ya cika a hannunta. Ta dawo gidanmu a Kibiya ta zauna da Inna, ba ta fita sai in da dalili, don ta fara lura da yadda hira ke mutuwa in ta shiga gidan suna. Da na kawo mata maganar aikin, sai da ta tambaye ni sau biyu ko Alhaji ya san tarihinta. Na ce aikin hannunta zai biya, ba tarihi ba. Kullum da safe sai in goyo ta a babur daga Kibiya zuwa Rano, kuma a makon farko na ji ta yi dariya a hanya, abin da na manta rabon da in ji.

A wannan makon dai da ta fara aiki, wata mota ta sauke wa Alhaji manyan batura da inbata mai mayar da cajinsu wutar lantarki daga birni. Ya gaji da yadda ake ɗauke mana wuta kullum ana tsaka da aiki, mutane suna tsaki suna fita. Na haɗa kayan da hannuna ina alfahari. Daga ranar uwar garke ba ta ƙara ganin duhu ba, dare da rana tana kunne. Ku riƙe wannan a ranku, don ni da kaina ban riƙe shi ba sai da aka wahala.

Bayan mako guda da 'yan kwanaki, wata ranar kasuwa shago cike, intanet ta tsaya cak. Na shiga ɗakin baya na tarar da uwar garke tana kunne, fanka na juyawa, fitilunta na ƙiftawa, amma ko ɗigon saƙo ba ya wucewa. Na kashe na kunna, ta dawo garau kamar ba ita ba. Na ce tsautsayi ne. Bayan wani makon ta sake, sannan ta sake. Ba abin da ban zarga ba. Na ce zafi ne, na sayo mata fanka ta kanta. Na ce faranti ne ya goce, na hau rufi da tsakar rana kwano yana gasa mini ƙafa. Na canja waya, na share ƙura, na nemi ƙwayar cuta ban samu ba. Ni ina can ina fama da ƙarfe, ashe a bakin tasha an riga an gano mini ciwon. Mai shayin ƙofar shago ne ya fara yi mini tambayar, yana zuba mini madara bai dube ni ba.

"Injiniya, wai yaushe na'urar nan ta fara wannan iskanci?"

Na ce kusan wata biyu ke nan.

"Ita kuma baiwar Allahn nan ta bayan labule, yaushe ta fara zuwa?"

Na ajiye kofin ban sha ba. Da ban kai zuciyata nesa ba, da na watsa masa shayin a jiki. Kafin sati ya zagayo mata sun fara ƙin shiga bayan labule, suna aiko mazajensu da takardun. Wata ta zo har bakin ƙofa, ta leƙa ta ga Yaya, ta juya da 'yarta. Dariyar Yaya ta kan babur ta ɗauke, ta koma zama shiru tun daga Kibiya har Rano, hannunta riƙe da ƙarfen baya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne saƙon da na'urar kanta ke bari duk lokacin da ta tsaya. A cikin kowace kwamfuta akwai wani sashe na manhaja da mai amfani ba ya gani, masu sana'armu suna ce masa kanel. Shi ne maigidan, shi ke yanka wa kowane aiki wurin zama a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, in aiki ya ƙare ya karɓe wurin ya ba wani. To kanel ɗin yana ta kukan cewa ya nema wa wani ɗan kati da ke cikin na'urar, mai karɓo saƙo daga faranti, wuri bai samu ba. Ni kuma in na tambaye shi nawa ya rage a ƙwaƙwalwar, sai ya ce fiye da rabi babu kowa a ciki. Ta yaya mai rabin gida a buɗe zai ce ba shi da masaukin baƙo? Na yi kwanaki ina zagin wanda ya rubuta manhajar, mutumin da ko sunansa ban sani ba. Daga baya na gano akwai inda kanel ke nuna wuraren da suka rage bisa girmansu, a jere a layi ɗaya, ƙanana a hagu, manya a dama. Na fara duba layin kullum da safe. Ranar da aka kunna uwar garke, dama cike take da manyan filaye. Kwana na tafiya, lambobin dama na raguwa, na hagu na kumbura, har ranar da dama ta koma sifili, sifili, sifili. A ranar take tsayawa. Wuri yana nan da yawa, amma duk ya zama gutsattsari, ayyuka ƙanana sun zauna nan da can a tsakani sun ƙi tashi, katin kuwa fili ɗaya shimfiɗaɗɗe yake so. Ina zaune ina kallon sifilan nan sai baturan suka faɗo mini a rai. Ashe tun ranar farko ciwon yana tare da ita. Ɗauke wutar da muke tsine wa kullum ita ce ke share mata ƙwaƙwalwa kafin ciwon ya nuna. Mu da kanmu muka hana ta maganinta.

Na fito da murnata in gaya wa Alhaji, na tarar shi ma ni yake jira. Yana zaune a benci tare da Malam Garba, limamin masallacin tasha, wanda yakan zo in tura masa wasiƙa wurin ɗansa da ke karatu a waje. Alhaji bai bar ni na buɗe baki ba.

"Injiniya, na yi shawara. Yayarka ta ɗan huta a gida. Ka kashe uwar garke ka kunna ta fes, mu ga abin da Allah zai yi."

Bai furta kalmar farar ƙafa ba, don a zamanin nan babu mai son a ji camfi a bakinsa, balle a gaban liman. Amma ni na ga ramin da ke gabana. In Yaya ta tafi yau, na kunna na'ura yau, za ta yi mako guda lafiya lau, kamar yadda take yi bayan kowace kunnawa. Mako guda kuwa ya ishi Rano da Kibiya su yanke hukunci. In ta sake tsayawa daga baya, za a ce sauran abin da ta bari ne. Da hannuna zan buga wa yayata hatimin da ba ya gogewa.

"Ranka ya daɗe, ka ba ni izini in yi magana," na ce. "Kai makiyayi ne. Da damina in ka taso da garke daga Nariya, ka haɗa duk 'yan filayen da ke tsakanin gonaki, gefen nan, kan iyakar can, ba su isa shanu ɗari su tsaya ba?"

"Sun fi haka."

"Suna wucewa?"

"Ina za su wuce? Ai sai burtali."

"To burtali uwar garke ta rasa. Kashewa da kunnawa kuwa shi ne kaka, an girbe, ko'ina hanya ce. Da ana yi mata kaka kullum in an ɗauke wuta. Batura suka hana, ba Yaya ba."

Alhaji ya shafa gemu ya yi murmushin da manya ke yi wa yaro mai wayo. Ya ce magana ta yi daɗi, amma wa zai tsaya wa mutum in ba ƙaninsa ba. Baturan da ya kashe dukiya a kansu ne zan ɗora wa laifi? Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce to a gwada. Yaya ta zauna a gida, ko hanyar Rano kada ta biyo. A kunna na'ura yanzu a gaban Malam, a kulle ɗakin, Alhaji ya riƙe makulli, kada kowa ya kashe ta. In ba ta tsaya da kanta ba kafin Juma'a ta sama, ni da Yaya duka mun bar masa shagonsa. Malam Garba ya juyo gare ni.

"Yaro, farar ƙafa ba ta da asali a addini, wannan ko a kan mumbari zan faɗa. Amma ka san nauyin abin da ka ɗauka?"

Na ce na sani. Ya ce to in yi alkawari a gabansa ba zan taɓa ta ba, ta kusa ko ta nesa, don ya ga yadda nake shiga cikinta daga wata kwamfutar. Na ce kallo kawai zan yi. Kafin la'asar mai shayi ya kai labarin ko'ina.

A gida, da na faɗa, Inna ta saki muciyar da ke hannunta.

"Sani, kai da wa ka yi shawara? Da magana ce ta bayan fage, yanzu ka kai ta kasuwa, har ka sa mata rana!"

Na ce Inna na tabbata, lissafi ne ba caca ba. Yaya tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Abin da kawai ta ce shi ne in na koma shago in adana fayil ɗin wata malama da ta bari a kan teburinta, kada ya ɓata.

Ban taɓa ganin kwanaki masu nauyi irin waɗannan ba. Ni da aka ɗauka in raya na'ura, na koma mai jiran ajalinta. Kullum da safe in zauna a kwamfutar zaure in buɗe layin lambobin nan. Abin da ban saka a lissafina ba shi ne mutane. Ciwon yana cin gaba ne da yawan aiki, mu kuwa masu zuwa sun ragu, don an gaji da mu, ɓangaren mata ma an naɗe labulen gaba ɗaya. 'Yan kallo sun fi masu aiki yawa. Sai su tsaya a ƙofa su tambaya, "Tana nan da rai?" a ce tana nan, su yi dariya su wuce. Juma'ar farko ta wuce, lambobin dama suna nan da ƙibarsu, sun ragu amma kaɗan. Alhaji ya fara shigowa da fara'a yana tambayata ina gajiya. A hanyar gida kuwa har na fara jin kunyar shiga Kibiya da rana.

Ana cikin haka aka yi wata iska mai ƙarfi da ruwan farkon damina, ta kayar da turakun wuta a hanyar Rano. Aka ce gyara sai an turo mutane daga birni. Batura suka fara ja da baya, inbata ta fara wani kuka na gargaɗi. In suka mutu, uwar garke ta mutu mutuwar da ba ita nake nema ba, ta farfaɗo da ƙwaƙwalwa fes, duk kwanakin da aka tara sun tafi a banza, kuma babu mai sake ba ni wasu. Akwai ɗan janareta a shagon, amma ana wahalar mai, gidan man Rano a rufe, 'yan bumburutu ma sun ɓuya. Na je wurin Alhaji, ya ce shi ba ya da hannu, abin da Allah ya yi shi ne daidai. Na dawo na jingine babur ɗina, na zare tiyo na tsotse man da ke tankin har ya shiga mini baki, na ɗura wa janareta. Na kashe fanka da fitilu da duk kwamfutar da ba a aiki da ita. In batura suka ɗan cika in kashe janareta, in inbata ta fara kuka in tayar. Babur ya zama gawa a ƙofar shago, na daina komawa Kibiya, ina kwana a kan benci. Mai shayi yana gaya wa mutane wai Injiniya ya zauce, yana ba na'ura abinci yana roƙon ta mutu. Gaskiya ya faɗa.

Ranar Laraba wuta ta dawo, amma lambobin dama ba su kai ƙasa ba. A ranar Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni. Na san 'yan layukan da zan rubuta daga inda nake zaune, su shiga su daddatsa ƙwaƙwalwar nan kafin a kira azahar, kuma duk Rano babu mai iya ganewa. Har na ce wa kaina ai ba ƙarya zan yi ba, ciwon gaskiya ne, hanzarta shi kawai zan yi. Na ɗora yatsu a kan madannai. Ina cikin haka Malam Garba ya leƙo zai wuce masallaci, ya ce, "Injiniya, ana dai kallo ko?" Na ce ana kallo, Malam. Da ya wuce na tura kujera baya na fita waje. Na yi tunanin in na wanke Yaya da ha'inci, duk ranar da na dube ta zan san abin da na yi, kuma ita ba ta aike ni ba. A sujadar azahar na roƙi Allah abin da ban taɓa jin wani mai sana'ata ya roƙa ba.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga motoci biyu a ƙofar shago. Wani malamin makaranta ne daga Fammar ya kwaso ɗalibansa, maza da mata, an ce musu gobe za a rufe rajistar jarrabawa. Kafin mu gama zaunar da su wasu sun iso daga Rurum. Aka sake sakin labule, aka rasa mai zama a bayansa, malamin ya riƙa karɓo takardun 'yan matan yana miƙo mini. Duk kwamfutocin suka kama aiki, ana tura hotuna, ana cike fom, zauren ya ɗau zafi da warin gumi. Ina aiki da hannu, idona yana kan layin. Lambobin dama suka fara zubewa ina gani. Na ƙarshe ya koma sifili, na kusa da shi ya bi. Ana gab da kiran la'asar wani yaro ya ce, "Malam, tawa ta tsaya." Na kusa da shi ya ce tasa ma. Zauren ya kaure.

Allah ya gafarta mini, yara suna salati, wata yarinya a bayan labule ta fashe da kuka don an kai rabin rajistarta, ni kuwa daɗi ne ya cika mini ciki. Na aika a kira Alhaji da Malam. Malamin Fammar ya riƙe mini riga yana cewa in yi wani abu, na ce makulli ba ya hannuna. Alhaji ya iso yana haki, jama'ar tasha a bayansa. Ya buɗe ɗakin da kansa. Ga uwar garke a kunne, fitilu na ƙiftawa, ƙura ta kwanta a kan madannanta babu sawun yatsa. Na nuna wa Malam sifilan. Ya juya ya fuskanci mutanen da suka toshe ƙofa.

"Baiwar Allahn nan tana ina yau?"

Aka ce tana Kibiya.

"Tun yaushe rabonta da nan?"

Mai shayi ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Malam ya ce to kowa ya ji tsoron Allah da bakinsa. Na kashe na kunna, ta dawo garau, kafin magariba yaran nan duka sun samu rajistarsu. Daga baya na gyara yadda kanel ke keɓe manyan filaye, na kuma kafa dokar a kashe ta duk Juma'a in za a tafi masallaci. Ba ta ƙara tsayawa ba. Alhaji ya ce Rabi ta dawo bakin aikinta, amma bai yafe mini kunyar da ya sha a gaban tasha ba. Kafin kaka ya kawo wani yaro daga birni ya ce zai taya ni, na gane nufinsa, na tattara kayana. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan.

Abin da ya dame ni a Kibiya ya same ni, a yammacin Alhamis ɗin nan. Na ari mai a kwalba na tayar da babur, na shiga gida ina ɗaga murya tun daga zaure cewa ta mutu, ta mutu a gaban kowa. Inna ta yi hamdala ta share hawaye da gefen zane. Yaya tana zaune a bakin rijiya tana wanke kwanuka. Ta bar ni na zuba labarin tun daga tsotsar mai har tambayar Malam, ina yi ina kwaikwayon fuskar mai shayi. Da na gama ina jiran ta yi guɗa, sai ta ɗauraye hannunta ta dube ni.

"Sannu da ƙoƙari, Sani. Allah ya saka. Amma in tambaye ka."

Na ce ina ji, Yaya.

"Da motocin Fammar ba su zo ba fa? Da ta kai gobe da ranta, da ni mai farar ƙafa ce ke nan?"

Na buɗe baki in yi mata bayanin lissafi, na ga babu inda zai shiga. Ta ce mazanta biyu ta binne, babu na'urar da za a kulle a ɗaki ta ba da shaida a kansu. Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ɗauki kwanukanta ta shige ɗaki.

Ta koma aikin, ta yi shekara biyu a bayan labulen nan, ta koyi karanta layin lambobin fiye da yaron da ya gaje ni, sannan ta buɗe nata shagon a Kibiya. Rano ta yarda cewa ba ita ta kashe uwar garke ba. Sauran maganar kuwa, kun ji ta da kunnenku a Rurum. Hafsatu ta ce da ta san wannan labari da ta zauna ta ba tsohuwar nan shi daga farko har ƙarshe. Kada ki soma, 'yata. Ni na riga na gwada wannan hanyar, na ci nasara, kun kuma ga iyakar inda ta kai. In kuka sake jin wani ya faɗa, kada ku kawo masa hujja. Ku tashi daga inda kuke, ku je ku zauna kusa da Gwaggonku, ku sa hannu a kwanonta ku ci.